Shanya a Titin Sojoji

Nana Meding ta tura hannu cikin buhun har gwiwar hannu, ta kuwa ji abin da take gudu. Shinkafar ta ɗau zafi. Ba zafin rana ba ne, domin yau kwana huɗu rabon ƙauyen Malayugan da ganin rana. Zafi ne na jiƙaƙƙen hatsi da aka tara wuri ɗaya, wanda daga shi sai tsiro. Ta zaro hannun ta shinshina. Har ta fara ɗan tsami.

"Tsoho, zo ka ji."

Mijinta, Tata Ciano, ya fito daga madafa riƙe da kofi a hannu ɗaya, ɗaya hannun dafe da ƙugu. Tun ranar da guguwa ta yaye kwanon rufinsu ya hau ya ɗaure tampol, bayansa ya riƙe.

"Ba sai na ji ba, tsohuwa. Fuskarki ta gaya mini."

Buhu talatin da takwas ne jere a rumfar ƙasan gida. Noman shekara ke nan. Guguwar ta kwantar da gonar ana saura kwana uku a yi yanka, suka shiga da maƙwabta suka yanke ta cikin ruwa iya gwiwa. Ita za su ci har wata kakar, a cikinta kuma za a ware irin baɗi. Injin busarwa na ƙungiyar manoma ba ya aiki, tunda turakun lantarki har yanzu suna kwance a gefen hanya. Filin ƙwallon kwando, inda aka saba shanya a da, cike yake da iyalan da gidajensu suka rushe. Rediyo kuwa ya faɗa sau biyu da sassafe: yau za a yi rana har wajen ƙarfe uku, daga gobe kuma wani ruwan na kwana uku.

"Yini ɗaya gare mu," in ji ta.

"To, sai titi."

"Sai titi."

Shekara biyu ke nan da yin titin. Can ƙarshen ƙauyen, inda ƙasa ta miƙe ta shiga teku ta fuskar arewa, akwai wani tsohon sansanin soja da a da ba wanda ya damu da shi. Da gwamnati ta amince Amurkawa su riƙa amfani da shi tare da sojojin ƙasa, sai aka ga an ja waya, an kafa manyan rumbuna, an shimfiɗa titin kankare daga babbar hanya har bakin ƙofa, ya ratsa tsakiyar gonaki. An sha gardama. Ɗalibai sun zo daga birni da kwalaye, limamin coci ya yi wa'azi a kai. Wasu suka ce aiki ya zo. Wasu suka ce an sa musu alama a goshi, ranar da manyan ƙasashe suka kaure nan za a fara jifa. Ba a gama gardamar ba kaka ta zo, aka gano cewa duk yankin babu wurin shanya kamar wannan titi. Sumul yake, ba ƙura, ba tsakuwa, kuma tun hantsi yake ɗaukar zafi. Masu so da masu ƙi duk suka fito da buhunansu.

Akwai ƙa'ida, ko da yake ba wanda ya rubuta ta. Mai shanya rabin titi yake ci, ya bar rabi. Wanda ya zo bayansa sai ya wuce gaba ya ɗauki ɗaya ɓangaren, don kada hatsi ya gauraya in iska ta taso. Direbobin motar haya da masu babur mai ƙafa uku sun saba, sai su yi ta karkata dama da hagu har su fita, su ma ai 'ya'yan manoma ne. Saboda haka jiya da yamma, da shugaban ƙauye Kapitan Ruding ya zaga da lasifika yana cewa gobe Alhamis motocin sojoji za su wuce, a ba su hanya, kowa ya ce an ji. Wa ya taɓa hana su hanya? Rabin titi nasu ne kullum.

Sawu biyar amalanken da ɓaunarsu ta noma ke ja ya yi, Ciano yana zaune a kai yana kora, maƙwabta suna kama buhuna. Kafin ƙarfe takwas Meding ta share ɓangarenta tas ta zazzage. Da a ce tampol ɗinsu ba ya kan rufi da a kansa za ta shanya, amma yau sai a kan kankare kai tsaye. Ta ɗauki manjagararta ta katako ta shiga bazawa, kaurin yatsa biyu, ba ƙari, tana tafe da baya tana jan layi. Shanyar ta kai taku ɗari biyu, ta haɗa da ɗan lanƙwasar da titin ya yi kusa da magudanar ruwa.

Gaba da ita, a ɗaya ɓangaren, Manang Luming ce. Ta girme ta da shekara goma, shi ya sa take ce mata Manang, wato yaya, kullum da naɗaɗɗiyar taba a gefen baki, kuma ita ma a kan kankare take shanya, wai tampol yana sa wa shinkafa warin roba.

"Ading," ta ƙwalo mata kira yadda suke kiran ƙanwa, "wannan shinkafar taki ci za a yi ko giya za ki dafa? Tun daga nan nake jin tsaminta."

"Hayaƙin tabarki ne ya toshe miki hanci, Manang. Taki fa? Na ga kaji sun wuce ta ko kallo ba su yi ba."

"Sun san ta fi ƙarfinsu. Jovelyn ta kira?"

Jovelyn ce 'yar Meding ɗaya tilo, tana aiki a wata masana'anta a Taiwan.

"Ta kira ran Lahadi. Wai in ta buɗe labarai sai ta ga an sa jan ɗigo a daidai ƙauyenmu a taswira. Tana can tana jin tsoro dominmu, muna nan muna jin tsoro dominta."

"Ki ce mata ta kwantar da hankali. Ɗana yana can ciki yana musu gini, ya ce duk ranar Allah ban da cin kaza da guje-guje ba abin da suke yi."

Rana ta ɗaga. Wajen goma da rabi wani siririn tururi ya fara tashi daga shanyar, launin shinkafar ya fara washewa daga duhu zuwa ruwan zuma. Meding ta juya ta sau biyu, kafaɗunta suka ɗan saki. A lokacin ne Kapitan Ruding ya taho a kan babur, yana ratsa shanyoyi da gudun da bai kamata ba, hularsa a karkace.

"Nana! Manang Luming! Jama'a, ku kwashe! Ku kwashe duka!"

"Ruding, numfasa tukuna," in ji Meding. Tun yana yawo ba wando ta san shi, ba ta iya kiransa Kapitan. "Ga rabinsu can a buɗe."

"Ba rabi ba, Nana, duka! Ba ƙananan motocin nan ba ne da kuka saba gani. Manya ne, daga jirgin ruwa aka sauko da su, taya ɗaya ta kai ƙirjina. Sun kusa gada."

"Jiya cewa ka yi a ba su hanya."

"Ni ma rabi na ɗauka! Yanzu aka kira ni a waya ana tambayata ko titi fayau yake. Na ce eh, rabinsa. Har yanzu kunnena bai daina ƙara ba."

Gida bakwai ne suka yi shanya a ranar. Biyar masu tampol ne, nan da nan suka kama kusurwoyi suka naɗe, suka ja zuwa kan gaɓar gona. In motoci sun wuce sai su sake warwarewa, ba su yi asarar komai ba. Saura Meding da Luming.

Meding ta tsaya ta yi lissafin rana. Kwashewa cikin buhu awa biyu, sake bazawa awa ɗaya da rabi. Kafin nan hadari ya haɗo. Kuma ta san shinkafar da ta fara shan rana aka ɗure ta da zafinta cikin buhu ta fi wadda ba a shanya ba saurin lalacewa, gumi take yi. Kafin ruwan kwana uku ya ɗauke, rabi ta yi tsiro, rabi ta yi baƙi.

"Ba zan kwashe ba," ta ce.

"Nana, don Allah."

"Ba gardama nake yi da kai ba, Ruding. In na kwashe ta mutu, in suka taka ta mutu. Gara ta mutu a rana."

Ta tafin ƙafa suka fara jin zuwansu, kankaren yana ɗan rawa. Sannan suka bayyana daga bayan itatuwan kwakwa: ƙaramar motar sojojin ƙasa a gaba, bayanta manyan motoci tara masu launin yashi, kowacce ta kusa cinye faɗin titin. Suka tsaya taku goma daga bakin shanyar. Ƙarar injunan ta sa ɓaunar Ciano ta ja baya tana huci.

Wata matashiyar soja ta sauko daga ƙaramar motar, an rubuta sunanta, Gatbonton, a ƙirjinta. Ba 'yar yankin ba ce, da harshen Manila ta yi magana, amma ta cire gilashinta kafin ta gaisa.

"Sannu da aiki, Nana. Ni ce Laftanar mai rakiya. Taki ce wannan?"

"Tawa ce har magudana. Daga can ta Manang."

Wani dogon Kyaftin Ba'amurke ya biyo ta, wuyansa ja wur saboda rana, yana duban agogo. Ya yi magana da Turanci cikin sauri, Laftanar ta amsa masa, sannan ta juyo.

"Nana, bari in gaya miki yadda abin yake. Ba za mu iya komawa da baya ba, babu wurin juyawa. Ba za mu iya sauka gefe ba, ƙasar ta jiƙe, motocin za su nutse. 'Yan sanda sun tare babbar hanya dominmu, kuma an ba mu zuwa sha biyu mu shige ƙofa. Kyaftin ya ce a ba ku minti goma sha biyar ku kwashe abin da za ku iya. Abin da ya rage, akwai takardar da ake cikawa."

"Takarda ake dafawa a garinku?" in ji Luming, ba ta ko cire tabar ba.

Laftanar ta yi murmushin da bai kai ko'ina ba. "Gaskiya, Nana, ni shinkafa a tukunya na san ta. Ba za a iya kwashewa a sake shanyawa gobe ba?"

Meding ba ta yi fushi ba. Tambaya ce ta wanda bai sani ba. Ta durƙusa ta ɗebo cikin hannu, ta kama hannun Laftanar ta zuba mata.

"Matse. Kin ji tana manne wa juna? Kwana huɗu ke nan a buhu. Duba bakin wannan ƙwayar, kin ga ɗan farin nan? Tsiro ne yake leƙowa. Yau rana za ta kashe shi. In ba yau ba, gobe ya fito, kuma gobe ruwa ne. Abincinmu ne na shekara, 'yata."

Laftanar ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Ta juya ta yi wa Kyaftin bayani. Ya saurara, ya shafa wuya, ya dubi sama, ya sake duban agogo. Ba mugun mutum ba ne a fuska, amma a bayyane yake cewa shi ma akwai wanda ke jiransa da tambaya. Ya girgiza kai.

Meding ta kau da ido daga gare su don kada su ga abin da ke fuskarta. Sai idonta ya sauka a kan karen Luming. Zafi ya dame shi, ya ga inuwa, ya taka abinsa ya shige ƙarƙashin babbar motar farko, bai ko sunkuyar da kai ba, ya kwanta a tsakiyar tayoyi ya zaro harshe.

Ta kalli karen, ta kalli tayar dama, ta kalli ta hagu. Sai ta ɗauki manjagararta ta nufi motar.

Wani soja ya daka tsawa ya ɗaga hannu. Laftanar ta ce masa ya bari. Meding ta durƙusa a gaban motar, ta shimfiɗa ƙotar manjagara a ƙasa tsakanin tayoyin biyu. Ƙotar ta shige, har da ragowar taƙi guda. Ta tsayar da ita ta auna tsayin cikin motar daga ƙasa. Ya wuce gwiwarta.

"'Yata, zo. Tambaye shi, direbobinsa sun iya tafiya a miƙe?"

"A miƙe kamar yaya, Nana?"

"In na tattara shinkafar nan a tsakiyar titi, na yi mata kunya doguwa irin ta dankali, tayoyi su bi dama da hagu, ita ta bi ta ƙarƙashi. Tattarawa ba kwashewa ba ce. Minti goma sha biyar ɗin nan nasa sun ishe ni. In kun wuce in baje abata."

Da aka fassara wa Kyaftin, sai ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin motar, suka haɗa ido da kare. Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa. Ya miƙe ya yi magana mai tsawo a oba-oba, aka amsa masa, ya sake magana. Ruding yana ta murɗa hularsa kamar wanki.

"Ya yarda," in ji Laftanar. "Direbobi ba sa ganin ƙasa daga sama, don haka za a sa soja ya yi tafiya a gaban kowace mota yana nuna mata. Amma ya ce bai yi alkawarin ba za a taɓa ko ƙwaya ɗaya ba."

"Ban nemi alkawari ba. Duk faɗinsu ɗaya ne?"

Laftanar ta dubi jerin motocin. Ba ta sani ba.

Meding ba ta jira a tambayo ba. Ta bi jerin da kanta, mota bayan mota, tana shimfiɗa ƙota tana ɗauka, sojoji suna leƙowa ta taga suna kallon wannan 'yar tsohuwa mai malafa. Takwas duk faɗinsu ɗaya. Ta taran tana jan ƙaramar tirela mai tankin ruwa, tayoyinta sun fi matsuwa, ƙotar ba ta shiga ba. Ta sa babban yatsa a daidai inda ta tsaya, ta riƙe wurin. A ƙarƙashin mota ta huɗu kuma ta ga ɗigon baƙin mai a kan kankare, guda uku. Ta buga ƙofar da ƙota. Direbar, wata yarinya mai jan gashi, ta sauko, ta bi yatsan Meding da kallo, ta ce wani abu da ya yi kama da ban haƙuri. Ta ɗauko bokitin roba da waya ta shiga ƙarƙashi ta ɗaure shi a daidai wurin.

"To jama'a!" Meding ta ɗaga murya, ta nuna musu ƙotar. "Kada faɗinta ya wuce nan, daga baki zuwa yatsana. Ku bi tsagin tsakiyar titi, shi ne layinku."

Ba ta roƙi kowa ba, ba a roƙo a irin wannan. Masu tampol duk suka taho da manjagara da tsintsiya, maza da mata, suka jeru. Masu manjagara suna turawa, masu tsintsiya suna bin baya suna tsince ƙwayar da ta ɓuya. Ruding ya jefar da hula ya karɓi tsintsiya. Ciano yana kan amalanke yana ba da umarni.

"Hagu, hagu! Kai, ka karkace! Wannan kunya ce ko macijiya?"

"Ciano," in ji Luming, "in bakinka ne ya riƙe maimakon bayanka da ƙauyen nan ya huta."

Kafin lokacin ya cika an gama. Doguwar kunya ta miƙe a tsakiyar titi tun daga gaban motar farko har ƙarshen shanyar Luming, tsayinta bai kai taƙi ba, gefe da gefe kankare fes. Meding ta bi ta da ƙota tana aunawa, ta gyara wuri biyu, sannan ta hau gaɓar gona ta ɗaga wa Laftanar hannu. Luming ta janye karenta.

Ƙaramar motar ta fara wucewa, da ƙyar cikinta ya tsallake. Sai ta farko a manyan ta motsa. Sojan da ke gabanta yana tafe da baya, ƙafa ɗaya a kowane gefen kunyar, hannuwansa a sama yana kiran motar a hankali kamar mai lallashin dabba. Kunyar ta shige ƙarƙashin inuwa. Meding ta bi ta gefe a kan gaɓa, a sunkuye, tana leƙe. Iskar injin tana sa ƙwayoyin sama suna tsalle, amma suna komawa wurinsu. Taya ta wuce, wata ta wuce, wata ta wuce. Kunyar ta fito ta baya yadda ta shiga.

Wani ya yi tafi, Meding ta ce a bari tukuna, saura takwas.

A bayan motocin akwai dogayen akwatuna, kowanne ya fi kwalekwale tsawo, an lulluɓe su an ɗaure tam. Mutanen ƙauyen suna tsaye a jere suna kallo, ba wanda ya tambayi abin da ke ciki. Sai Ciano ya ƙwalo wa Meding kira.

"Tsohuwa, kalli tampol. Ko ɗinki babu. Da wannan ne a rufinmu da sai jikoki su gaje shi."

Ta biyu, ta uku. Ta huɗu ta wuce da bokitinta yana lilo, direbar ta ɗaga yatsa ta taga. Ta biyar, ta shida. Ta bakwai ta fi sauran tsawo, kuma a lanƙwasar magudana gabanta ya bi daidai amma tayoyin baya suka yanko ciki. Meding ta ga abin tun kafin ya faru, ta ɗora hannu a ƙirji. Aka ji ƙurus-ƙurus. Sojan ya dunƙule hannu, motar ta tsaya cak, tayar tana kan kunyar.

Laftanar ta taho da gudu. "Nana, ya ce in ya ja baya zai iya gyarawa."

"In ya ja baya sau biyu zai taka. Ya wuce."

Ya wuce. Wajen taku huɗu na kunyar ya baje, ya zama gari da ƙaiƙayi. Meding ta auna da ido, bai fi rabin buhu ba. Ta share shi gefe da sauri, ta matsar da kunyar lanƙwasar taƙi ɗaya zuwa waje kafin ta takwas ta iso. Ta takwas ba ta taɓa komai ba. Ta tara ta zo da tirelarta, tayoyin suna bin kunyar dab da dab, tsakaninsu bai fi yatsa uku ba. Meding ba ta ɗauke ido ba sai da tankin ya fita daga kan shanyar Luming.

Nan ne aka yi ihu. Luming ta cire tabarta daga baki, abin da ba a cika gani ba, ta yi alamar gicciye da ita a hannu.

Kyaftin ya taɓa bakin hularsa daga nesa ya hau mota. Laftanar ta tsaya ta kama hannun Meding da hannu biyu.

"Nan da kwana goma za su fito, Nana. Zan kira Kapitan da kaina, in ce masa titin duka, daga wannan gefe zuwa wancan."

"Ki faɗa masa sau biyu. Tun yana yaro sai an maimaita."

"Nana!" in ji Ruding.

Motar ƙarshe ba ta gama ɓacewa ba Meding ta sa manjagara ta fara bajewa. Zafin kankaren da tayoyi suka bi har ya fi na da. Kafin sha biyu shanya ta koma yadda take, rabin titi, kaurin yatsa biyu. Suka ci abinci a inuwar amalanke, shinkafar jiya da busasshen kifi da kuɓewa da gauta da aka dafa da daddawar kifi. Duk rabin awa tana tashi ta juya. Ba ta yarda ta yi murna ba tukuna, tana ta duban gabas, inda gajimare ya fara taruwa tun ƙarfe ɗaya, fari da farko, daga baya gindinsa ya yi duhu.

Ƙarfe biyu da rabi ta ɗebo daga tsakiyar shanyar. Ƙwayoyin suka zube ta tsakanin yatsunta da ɗan sauti, ba wadda ta manne. Ta murje guda ta sa tsakanin haƙora ta ciza. Ta ce ƙas. Ta matsa gaba taku hamsin ta sake gwadawa, ta je lanƙwasar magudana inda inuwar kwakwa ta fi daɗewa ta sake. Ƙas.

"Tsoho," ta ce, "kawo buhuna."

Aka sake haɗuwa aka ɗure, aka bar bakin buhunan a buɗe don su sha iska. Sawu na biyar yana shiga rumfa iska mai sanyi ta taso, ganyen ayaba ya fara kaɗawa. Sai a lokacin gajiya ta kama Meding. Ta zauna a kan matakala ta biyu, ta kasa hawa sauran.

Shinkafar da mota ta taka tana cikin kwando daban. Da ta sami ƙarfi ta ɗauko faifai ta sheƙe, ƙaiƙayin ya tashi, tsakin ya rage fari tas. Ta wanke shi sau uku ta ɗora tukunya, ta yanka citta, ta yi musu fate mai ruwa-ruwa. Ciano ya kai cokali baki, ya tauna a hankali yana lumshe ido.

"Kin san," ya ce, "duk ƙasar nan ba wanda aka taɓa casa wa shinkafa da inji mai tsadar wannan."

"Ci ka yi shiru, kada su ji su zo karɓar ladan casa."

Ruwan ya sauko da ƙarfi a kan tampol. Ta tashi ta matsar da tukunya daga inda yake ɗiga, ta sa kwano a wurin, ta dawo ta ƙara wa kanta fate.